Wanda Ya Sayo Ba Shi Ke Kwana da Ƙarar Ba

Ƙannena, da ku zan yi magana, ku da kuka fara riƙe kuɗin kanku, don tsarabar yaran gida yanzu a hannunku take. Ana jibi sallah, duk motar da ta taso daga Kano za ta Katsina, in ta tsaya a Yashe ko Gidan Mutum Ɗaya ko Kankiya, sai ka ga saurayi ya sauko, jaka a kafaɗa, baƙar leda a hannu. Wani daga Abuja yake, wani daga Legas, wata kuma ɗaliba ce da ta yi ta tsimin kuɗin abincinta don kada ta shiga gida hannu rabbana. A cikin ledar nan akwai motar roba mai fitila ja da shuɗiya, ko wayar ƙarya mai maɓallai, ko 'yar tsana mai kuka, ko bindiga. Duka da batir suke aiki, kuma duka ƙara ce sana'arsu. Niyya mai kyau ce, Allah Ya saka da alheri. Sai dai ran uku ga sallah mai tsaraba zai hau mota ya koma wurin nemansa, ya bar abin a tsakar gida.

Ku daure wata rana ku zauna ku kalli motar nan tana aiki na minti goma. Ana tura ɗan maɓallin da ke ƙarƙashinta sai ta ɗauki waƙa, wata guntuwar waƙa da ba Hausa ba, ba Larabci ba, ba kuma Turancin da wani ya gane ba, ta kai ƙarshe ta sake ɗaukowa daga farko. Tana tafe ta bugi turmi, ta ja da baya, ta juya, ta bugi randa, ta sake juyawa. Ba ta da wurin rage murya, ko a kunne take ko a kashe. In batir ya fara sanyi ma ba shiru take yi ba, muryar ce ke ja tana gurnani. Wadda ta sha faɗuwa har maɓallinta ya saki kuwa, tsakar dare take tashi da kanta daga ƙarƙashin gado.

Yawancinsu daga kudancin ƙasar Sin suke fitowa. Akwai gunduma guda, Chenghai, a birnin Shantou na lardin Guangdong, da duniya ta san ta da ƙera kayan wasan roba. Daga can su biyo jirgin ruwa zuwa Legas, su hau tirela zuwa Kano, 'yan koli su saro a Sabon Gari su watsa su kasuwannin mako, har Caranci ran Lahadi, har faifan mai talla a bakin filin idi. Wanda ya ƙera ya san a kasuwa za a yanke wa kayansa hukunci, cikin hayaniyar babura da lasifikar masu tallar magani. Abin da muryarsa ba ta keta wannan hayaniya ba, mai saye ba zai waiwaye shi ba. Don kasuwa aka saita muryar, ba don ɗaki mai rufin kwano ba.

Za ku ce ai ba wanda ya taɓa yi muku ƙorafi. Ba za a yi ba. A gidajenmu ba a kushe kyauta, balle kyautar da aka yi wa ɗanka. Matar yayanka za ta karɓa hannu biyu ta ce, "Kai, Baba Ƙarami, har da ɗawainiya? Allah Ya ƙara buɗi. Kai, ka ce an gode mana." In ɗan fari ne, ko kallon abin ba za ta yi a gabanka ba, kara ta hana. In kuwa daga wajen surukai tsarabar ta fito, ko Alhaji ne ya zo da ita daga Makka, magana ta ƙare, sai haƙuri. Ainihin shari'ar sai kun tafi ake yin ta, a bakin murhu, tsakanin mata.

"Wallahi abin nan ya ishe ni, tun asuba ake abu ɗaya."

"Ke ma dai da zurfin ciki. Zare batirin ki ce ya ƙare."

Haka kuwa ake yi. A zare batir a ce ya mutu, ko a cilla motar saman sif a ce mage ta ɗauke. Yaro ya yi birgima, a ce ya bari sai Baba Ƙarami ya dawo. Kyautar da kuka kawo don faranta rai ta koma tana sa uwa shirga wa ɗanta ƙarya, shi kuma yaro ba wawa ba ne, wata rana zai taka kujera ya hango ta.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gidan gandu a Kusada ko Rimaye ko Kafin Soli, bango ɗaya ne tsakanin ɗaki da ɗaki, tsakar gida ɗaya ce ta kowa. Akwai tsohuwa mai hawan jini da barci bai ɗauke ta ba sai bayan azahar, akwai mai jego da ta kwana jijjigar jariri, akwai maigida da ya kara rediyo a kunne yana son ya ji labaran BBC, akwai mai sallah da ke ƙoƙarin riƙe lissafin raka'a. Ba wanda aka shawarta a cikinsu. Sannan ga wadda ba a faɗa a fili. In gidan mata biyu ne ko uku, ka kawo wa ɗan 'yar'uwarka shi kaɗai, ƙarar nan har ɗakin abokiyar zamanta take shiga tana shaida wa yaran can cewa su ba a kawo musu ba. Alewa a ƙuryar ɗaki ake shanye ta, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Mota mai jiniya ba ta ɓoyuwa. A yi ƙwace, a fasa, iyaye mata su shiga, gabar da za ta kai babbar sallah ta samo asali daga abin da kuka saya a tsaye ba ku ko taya ba.

Na san wani zai ce, yaushe yaran Hausa suka taɓa yin shiru? Gaskiyarsa. Wanda ya tashi a nan ya san gaɗa a dandali da farin wata, ya san langa, ya san tashe in azumi ya kai goma, da gwangwani da kara da ihu gida-gida. Gidan da ba motsin yaro ma tausayinsa ake ji. Addini bai hana wasa ba: ya zo a hadisi Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana ita da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ya ga wani doki mai fukafukan ƙyalle a cikinsu ya tambaye ta, amsarta ta ba shi dariya. To amma hayaniyar da yaro ke yi da bakinsa da hannunsa tana da iyaka. Maƙogwaro ya gaji, hannu ya gaji, yunwa ta kira shi. Kuma tana jin magana: babba ya yi gyaran murya a zaure ta ragu, a kira sallah ta tsaya. A nan ne yaro ke koyon inda ake ɗaga murya da inda ake sassautawa, ba tare da an zaunar da shi an karanta masa ba. Na'ura ba ta san an yi rasuwa a maƙwabta ba.

Ku tuna motar kara, in kun riske ta. Bayan an yanke dawa an jingine kara, yaro ya zaɓi mai kauri, ya ɓare ɓawon da haƙori ko tsohuwar reza ya fitar da siraran tsinkaye, ya yanka totuwar gunduwa-gunduwa, ya riƙa soka tsinke yana haɗawa har kan mota ya fito, bodi ya fito, har da marfin baya mai buɗewa. Taya daga tsinkakken silifa ne ko sakaina, a ɗora murfin kwalba a zana a yanke. Wuni guda ake yi, wani lokaci har da yankan yatsa. In ta tashi, shi ne direba, shi ne inji, shi ne ɗan kamasho. Da bakinsa yake tada ta, ya sa giya, ya yi ham, ya tsaya gindin bishiya yana "Katsina, Katsina, saura mutum ɗaya!" Ya yi lodin tsakuwa, ya yi ciniki da ƙanensa kan kuɗin mota, a biya shi da ganye ya ba da canji. Taya ta fita ya zama bakanike. Motar batir ta ƙwace masa duk waɗannan ayyuka. Ita ke tuƙa kanta, ita ke ham, ita ke waƙa. Abin da ya rage masa ya tsuguna ya kalla, in ya gaji da kallo ya fasa ta ya ga abin da ke ciki. Ni fasawar nan ba na ganin laifinta sosai, ita kaɗai ce aikin da aka bar masa.

Ga waɗanda bakinsu bai buɗe ba abin ya fi haka nauyi. A ƙarshen 2015 mujallar likitocin yara ta JAMA Pediatrics ta fitar da binciken Anna Sosa ta Jami'ar Arewacin Arizona a Amurka. An ba iyaye 26 masu jarirai 'yan wata 10 zuwa 16 kayan wasa iri uku: masu batir da ke magana da waƙa, da na hannu irin 'yan katakan da ake jerawa, da littattafan hotuna, aka naɗi muryoyinsu a gidajensu. Da aka saurara, sai aka tarar in na'ura na magana iyaye sun rage tasu, 'yar musayar nan ta uwa ta ce jariri ya amsa ta ragu, su kansu jariran gwalantunsu bai kai na lokacin littafi ba. Gida 26 ba duniya ba ce, amma duk wadda ta yi reno ba za ta yi mamaki ba. A bakin mutum yaro ke ɗaukar magana. Kakar da ta ɗora shi a cinya tana kama hancinsa tana kiran sunansa, tana jira ya motsa baki ta amsa, ta fi wayar robar da aka sayo wai don ya yi wayo da wuri. Wayar ba ta jiran amsarsa.

Akwai kuma kunnen kansa. Da desibel ake auna ƙarfin sauti, hirar mutum biyu wajen 60 take. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta kan na'urorin saurare, ta sa wa babba iyakar 80 na awa 40 a mako, yaro kuma 75. A Amurka ƙa'idar kayan wasan da ake riƙewa a hannu ita ce kada su wuce 85, amma daga nisan santimita 50 ake aunawa. Wane yaro ne ke riƙe abu da nisan rabin mita? Hannunsa gajere ne, kuma wayar ƙarya a kunne yake kara ta, don haka ya ga ana yi. Duk lokacin da aka rage nisa da rabi, ƙarar na ƙaruwa da kamar desibel 6, to abin da ya ci jarrabawa daga nesa zai iya haye 100 in ya taɓa kunne. Can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi da ke ɗaukar sauti, in sun mutu ba sa sake tsirowa. Ba jini, ba zafi, ba alamar da uwa za ta gani. Ku dubi wanda ya daɗe a gidan injin niƙa, yadda sai an ɗaga murya yake ji, shi ma ba rana ɗaya ya wayi gari haka ba.

Bindiga kuwa, ina roƙonku ku bar wa mai ita kayansa. A shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi jihar Katsina, akwai gidajen da suka sauki 'yan'uwan da suka baro ƙauyukansu, akwai matan da bugun ƙofa ma zabura yake sa su. Abin da ke kwaikwayon ɓarin harsashi bayan isha a lungu mai duhu ba wasa ba ne a kunnen wanda ya taɓa jin na gaske. Mai harba 'yan ƙwallayen roba kuma ido take nema.

Duk abin da na faɗa zuwa nan, haƙuri na iya ɗaukarsa. Wanda zan faɗa yanzu rai yake ci, kuma ba a manyan motocin yake ba, a ƙananan kaya masu araha yake: usur mai walƙiya, zobe mai fitila, 'yar waya, ƙaramin agogo. Cikinsu akwai ɗan batirin nan mai faɗi mai ƙyalli, irin na agogon hannu da makullin mota. A kayan kirki sai da sukudireba ake buɗe gidansa. A na araha ɗan marfi ne da farce ke ɓallewa, ko ya fita da kansa in abin ya faɗi. Mai rarrafe ya tsinta, ka san inda zai kai shi. Ƙanana sukan wuce ciki, amma mai faɗin nan, wanda ake rubuta wa CR2032, milimita 20 ne, yakan maƙale a hanyar abinci. Da ya maƙale, yawu ya haɗa fuskokinsa biyu, wuta ta fara gudana, ta haifar da sinadari dangin sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, ya shiga cin nama. Cikin awa biyu zai iya yin mummunar ƙuna, in ya daɗe ya huda har hanyar numfashi ko babbar jijiyar jini. Wanda kuka ce ya mutu don ya daina kunna fitila, da sauran wutar da za ta yi ɓarna a jikinsa.

Abin da ke sa a makara shi ne alamominsa na kowace cuta ne. Yaro na dalalar da yawu, ya ƙi abinci, yana tari ko amai. Uwa ta ce haƙori ne, kaka ta ce sanyi ne, a aika kemis a sayo magani, kwana ya wuce. Saboda haka in kun ga abin wasa a buɗe ba batir a ciki, ku neme shi har ku gan shi da idonku. In ba ku gan shi ba, ga yaro ya canza, ku ɗauke shi sai asibiti ko da tsakar dare ne, kuma da bakinku ku ce wa likita kuna zargin batir ya haɗiya, don hoton ƙirji na nuna shi. Kada a sa masa yatsa ya yi amai, kada a ɗura masa manja, kada a ba shi lomar tuwo wai ta tura shi ƙasa yadda ake yi wa ƙayar kifi. Abu guda likitoci suka yarda a bayar a hanya, tun bayan wani bincike na 2018 a Amurka, kuma muna da shi a gida: zuma. Cokalin shayi biyu duk minti goma, har sau shida, in yaron ya cika shekara ɗaya, yana iya haɗiya, kuma ba a wuce awa 12 ba. Wanda bai kai shekara ba ba a ba shi zuma. Ita ma ba magani ba ce, rage ƙunar take kafin a isa. Ciro shi sai da na'urar da ake zurawa ta baki, don haka kada ku yi mamaki in daga Babban Asibitin Kankiya aka tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina ko na Malam Aminu Kano. Ku lissafa neman mota da tafiyar, ku ga abin da ya rage a awa biyun nan.

Ƙasashen da asibiti ke bakin ƙofarsu ma abin ya gagare su sai da doka. Ostireliya ta tilasta ƙa'idojin rufe gidan irin wannan batir daga watan Yunin 2022. A watan Agustan shekarar shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya sa hannu a dokar da ake kira Reese's Law, wadda aka sa wa sunan wata yarinya 'yar wata 18 da ta rasu a Disambar 2020 bayan ta haɗiye batirin rimot. Mu a nan, kayan da ke faifan mai talla sau da yawa ko sunan kamfani babu a jiki. Mai duba shi kafin ya shiga gida kai ne.

Maganar kuɗi gajera ce. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira kuma ta faɗi, duk abin da ya tsallako ruwa ya yi tsada, har batir. Motar nan biyu ko uku take ci, ta zuƙe su cikin 'yan kwanaki. Kai sau ɗaya ka biya, yayanka ne zai yi ta biya, in ya ƙi kuma yaro ya san inda ake ajiye cocila da rediyo. Maigida ya ji motsi a garke cikin dare, ya lalubo cocila ya danna, wayam. Matattun batiran kuma juji ake watsa su, yara su fasa da dutse su ciro baƙin ciki, sauran in bazara ta yi a kwashe da taki a amalanke a kai gona.

Kafin ku taso, ku buga waya ku tambayi uwar yaron. Ba raini ba ne, ba kuma rage armashin tsaraba ba ne. Matar wa abokiyar wasa ce, in ka ce, "Yaya, me zan riƙo wa mutumina?" cikin raha za ta faɗa maka gaskiyar da ba za ta iya faɗa ba bayan ka riga ka kawo, kuma sau tari takalmi za ta ce, ko jakar makaranta. Ku ma ƙannena da kuka yi aure kuka fara haihuwa, in an tambaye ku kada ku ce "duk abin da ya samu". In kuma ranka ya riga ya kwanta da mai batir, ka sa mai kaya ya kunna, ka kai shi kusa da kunnenka yadda yaro zai yi. In kai ka kau da kai, ajiye masa. Ka juya bayansa ka ga ko gidan batir na da noti. Mai ƙaramin batir da marfin farce, ko kyauta aka ba ka kada ka kai gidan da ke da mai rarrafe. Wanda ya riga ya shiga gida, a liƙe 'yan ramukan da murya ke fita da salatef mai ƙarfi, ƙarar na raguwa sosai, a kuma riƙa dubawa kada yaro ya ɓanɓare ya kai baki.

Da kuɗin motar nan za ka sayi fensir masu launi da littafin zane, ko igiyar tsalle, ko 'yan tukwanen wasa da yarinya za ta yi wata tana dafa ƙasa a ciki tana rabon tuwo. Za ka sayi ƙwallo, wadda guda ɗaya ta ishi yaran kowane ɗaki har da na maƙwabta, kuma a waje ake buga ta. Sai dai ka miƙa ta ga babban cikinsu a gaban kowa, ka ce ta gida ce, in ba haka ba kafin la'asar an kai ƙara zaure.